Dakashin Gunya

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Habu, manomi a wani ƙauye da ke gefen tafkin Gidimuni, a ƙasar Damagaram. Ban iya rubutu ba. Malamin unguwarmu nake faɗa wa yana zubawa a takarda, kuma na roƙe shi kada ya gyara mini magana. Labarin daminar da na kwanta ciwon kurkunu ne, ga goɗiya da tsohon ciki a bayan ɗakina. Duk mai goɗiya a gida, ko mai shirin karɓar kiwonta, ya daure ya ji har ƙarshe.

Goɗiyar ba tawa ba ce. Ta Malam Ari ce, wani dattijo Babarbare da ke cikin Gidimuni. Ya ba ni kiwo bisa yadda muka saba, ɗan farko nasa, na biyu nawa. Gunya muke ce mata saboda launinta mai haske. Ta riga ta haifa masa nasa, wannan cikin nawa ne. Kuma ba ƙaramin ciki ba ne, don wani baƙin ingarma na Barno ne ya hau ta, lokacin da wasu fatake suka yada zango a garinmu. Ingarman bai daɗe ba bayan nan ya mutu a hanya.

Da ranin wannan shekarar, ƙanena Isufu, autan Innarmu, ya tafi kudu ɗaukar kaya. Aka kai hari ƙauyen da ya sauka, aka haɗa da shi aka kora. Daga wannan hannu zuwa wancan, sai ga shi a birnin Zinder, a gidan wani attajiri, Alhaji Kyari, cikin bayin da yake tarawa don ayarin arewa. Wani mai sayar da kanwa ɗan garinmu ne ya gan shi ya kawo labari. Na je da shaidu. Alƙali ya yarda Isufu ɗa ne kuma musulmi, amma ya ce Alhaji da dukiyarsa ya saya, ba abin da ya rage sai fansa. Abin da aka yanka mini, ko na sayar da rumbuna da rigar wuyana ba zan haɗa ba.

Ina durƙushe a zauren Alhaji ina roƙon ragi, sai wani tsoho mai kula da dawakinsa, Baba Modu, ya dube ni.

"Ba kai ne mai kiwon goɗiyar Malam Ari ba? Wadda baƙin dokin nan ya hau?"

Na ce ni ne. Ashe Alhaji ya so sayen ingarman nan bai samu ba, abin yana ransa. Suka yi magana da Barbarci, sannan Alhaji ya juyo.

"In ta haihu, ɗan ya rayu ya ga kaka, kawo shi da uwarsa in gani, ka tafi da ƙanenka. In ayari ya tashi ba ka zo ba, kada ka ga laifina."

Tun daga ranar ba ciki nake gani a jikin Gunya ba, ƙanena nake gani. Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne da 'yan kwanaki, lissafina ya nuna tsakiyar damina za ta sauka. Na daina hawanta, na daina ba da aronta, harawar da na ɓoye wa awaki duk na tura mata. Malam Ari kuwa ya yi tafiya Barno tun kafin ruwan farko, kuma a ƙauyenmu ba mai doki sai ni, sauran duk masu jakuna ne. Ban damu ba, don na san kan abin, a gabana ta yi haihuwar farko.

Mun gama shuka ke nan na fara jin ƙaiƙayi a idon sawuna na hagu. Na ce ƙaya ce. Kafin Juma'a ta zagayo wajen ya yi bororo, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Na tsoma ƙafar a ruwa, bororon ya fashe, sai ga farin kan tsutsa ya leƙo. Duk wanda ya sha ruwan tafki ya san wannan baƙon, kuma ya san ba ya zuwa sai lokacin da gona ta fi bukatar mutum.

Matata Mairo ta kira Tanko wanzami. Ya naɗe kan tsutsar a tsinke, ya ja kaɗan, ya tsaya, ya ɗaure da tsumma. Maganar da ya yi mini ranar har yanzu tana kunnena.

"Habu, wannan ba a yi masa gaggawa. Kullum ɗan abin da ya ba ka shi za ka karɓa. Ran da ka ja ya tsinke a ciki, ƙafar nan sai ta fi turmi."

Mako na biyu wata ta ɓullo a gwiwa. Daga nan tafiya ta ƙare, sai jan gindi. Masu dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa a baki. Wannan ya ce a shafa kashin shanu mai ɗumi, aka shafa. Wancan ya ce ganyen tumfafiya, aka ɗaura. Kawuna ya rantse akwai mai magani a garin Dogo wanda kurkunu ke jin tsoronsa. Aka aza ni a jaki, muka kwana a hanya. Muka tarar da layi tun daga ƙofar gidansa har gindin tsamiya, maza sun miƙe ƙafafu, ƙudaje na bin su, kowa da tsinkensa. Tun hantsi muke zaune sai bayan la'asar aka kai kaina. Bai ko taɓa ƙafar ba. Ya karɓe bunsuruna, ya ba ni wani gari a ƙullin ganye, ya ce kada in ci kifi. Ni mutumin bakin tafki. Na bar kifin, kurkunu bai bar ni ba, kuma har gobe ina jin haushin bunsurun nan.

Amma ba zan yi ƙorafi in manta alheri ba. Maƙwabta sun yi mini gayya sun nome gonata noman farko, ba wanda ya sha ko kunu a gidana. Tanko kullum sai ya biyo da safe ya ja tsutsar, abin da ya samu a wurina bai wuce kaza da godiya ba. Mairo ita ce gona, ita ce rijiya, ita ce yankan ciyawa. Sai Inna.

Inna ungozoma ce. Ni ɗanta na fari ne, saboda haka ba ta sakin fuska da ni, ba ta zama inda nake in da mutane. Amma da ciwon ya yi nauyi sai ta ajiye kunya gefe. Ita ke wanke mini ƙafa, ita ke fitar da kaskon fitsari, tana yi tana kallon wani wuri kamar ba ita ba. Tunda aka kama Isufu ta rame, ba ta ambatonsa, sai dai in ta gama da ni ta je ta tsaya wajen turken Gunya tana shafa mata ciki.

Da na ga ba zan tashi kafin haihuwar ba, na sa aka yanka taga a jikin zana daidai inda nake kwance, ina hango turke. Na kira Mairo da Inna na ce su zauna in gaya musu alamu.

"Ni za ka koya wa haihuwa?" in ji Inna. "Rabin garin nan a hannuna suka faɗo."

"Inna, wannan mai ƙafa huɗu ce."

"Ciki dai ciki ne. To, faɗi."

Na faɗa musu. Da farko hantsa za ta fara cika. In ta cika da safe ta saɓe da yamma, da saura. In ta cika ta tsaya tantsan, an matso. Cikin zai sauko ƙasa, kwiɓi ya faɗa, naman gindin wutsiya ya yi laushi har in ka danna ya lotsa. Sannan a riƙa duban kan nono, za a ga wani abu ya daskare a wurin kamar kakin zuma. In an ga wannan, yau ne ko gobe. Ran haihuwar za ta ƙi abinci, ta yi ta tonon ƙasa da kofato, tana waiwayen cikinta, ta kwanta ta tashi, gumi ya jiƙa mata wuya. Na ce a sassauta mata igiya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kori yara. Goɗiya ba ta son ido, tana iya riƙe naƙuda har sai an ba ta wuri. In ruwa ya fashe aka ga ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu, kada kowa ya sa hannu.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ban da kofato, ba abin da ka faɗa da ban sani ba."

Duk abin da ke kafin haihuwa na faɗa. Abin da ke bayanta ban ce komai ba, don ban taɓa tunanin akwai abin faɗa ba. Ɗan doki yakan faɗo, ya miƙe, ya lalubi nono da kansa.

Jiran nan ya fi ciwon cin rai. Marka ta sauka, sama ba ta buɗewa, ɗaki ya yi sanyi, tabarma na wari. Ina kwance idona a tagar zana daga safe har duhu. Mairo kan dawo daga gona ta wuce wajen turke kafin ta sha ruwa, ta leƙa hantsa ta zo ta ce, "Malam, ta cika," gobe kuma ta ce, "Ta saɓe." Masu shawara suka bar ƙafata suka koma kan Gunya. Wani ya ce a ba ta yaji naƙuda ta taso. Kawu ya ce a hau ta a zagaya tafki, cikin ya girgiza ya sauko. Na ce duk wanda ya taɓa ta, in na warke da shi zan fara. Laya kaɗai na yarda aka rataya mata.

Wata goma sha ɗaya ya cika, ba labari. Na fara zargin lissafina, na fara zargin ko ɗan ya mutu a ciki. Nakan sa Inna ta ɗora tafin hannu a kwiɓinta ta daɗe, ta juyo ta ce, "Yana nan, ya shure ni." Sai in samu na kwana.

Wata rana da azahar, gida ba kowa, na ji Gunya ta yi wani nishi ta zube. Na manta da ƙafa, na manta da Tanko, na yunƙura na miƙe. Tsinken da ke idon sawuna ya sarƙe a bakin tabarma. Na ji abu ya yi ɗas. Na ja jiki na kai bakin ƙofa, sai na tarar birgima kawai take yi a laka, ƙudaje ne suka dame ta. Ta tashi ta kakkaɓe tana kallona.

Abin da Tanko ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura har cinya, tana sheƙi, ba na iya jure ko zane a kanta. Zazzaɓi ya rufe ni. Tanko ya zo ya duba, bai yi mini faɗa ba, kuma na gode masa da wannan. Ya ce sai an yi sakiya in ya nuna. Ran da za a yi, ina jin ƙaurin ƙarfe a wuta, sai Mairo ta shigo ta miƙo mini ɗan yatsanta. Akwai wani ɗan abu rawaya a kai, mai danƙo.

"A kan nononta na ɗebo, Malam."

"Shi ne. Yau ko gobe. Ku sassauta igiya, ku ba ta wuri."

Maza suka danne ni, Tanko ya shigo da ƙarfensa. Abin da na sani ke nan. Kwanakin da suka biyo baya ba ni da su. An ce ina ta kiran Isufu, ina cewa a cire masa mari daga ƙafa. An ce har an juya ni gabas, kawu ya fara tambayar inda likkafani yake. Inna ce ta hana, ta ce da sauran ɗumi a tafin ƙafata, ta yi ta ɗura mini kunu da ludayi yana dawowa tana mayarwa. Da ba don ita ba da ba ni nake wannan magana ba.

Da na farfaɗo, fuskar Mairo na fara gani. Ta yi baƙi ta rame, amma tana murmushi.

"Sannu, Malam. Gunya ta sauka lafiya. Namiji."

Ta ce da rana ta haihu, ana tsuga ruwa kowa ya shige ɗaki. Ƙafafu biyu da hanci, yadda na faɗa. Na sa aka ɗaga ni zuwa tagar zana. Ga shi nan, baƙi wuluk kamar ubansa, da ɗan fari a goshi, dogayen ƙafafu, ya cusa kai ƙarƙashin uwarsa yana tsotso. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. A raina na riga na ga Isufu yana shigowa gida.

Sai dai na ga ɗan bai cika ba kamar yadda ya kamata, haƙarƙarinsa a waje. Na kuma ga akuyar maƙwabta a ɗaure ƙofar ɗakin Inna. Na tambayi Mairo me akuya take yi a nan.

"Ai ita ta shayar da shi kafin nonon uwarsa ya gyaru. Malam, ba ka ga wahalar da Inna ta sha ba. Jego sosai ta yi wa Gunya. Ta binne mabiyiya, ta dama mata kunun kanwa, ta yi mata wanka da ruwan zafi da ganyen tsamiya har Gunya ta harbe ta a cinya. Ɗan kuwa yana faɗowa ta goge shi ta kai ɗakinta. Kwana uku tana tatse dakashin tana zubarwa a rami, shi kuma tana ba shi nonon akuya da tsumma. Ba ta runtsa ba. Sai da nono ya yi fari tas ta mayar da shi."

 Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri, rawaya. A wajen matanmu dauɗa ne, ba a bai wa jariri, tatsewa ake a zubar sai farin ya zo. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Isufu, haka Inna ta yi wa duk wanda ta karɓa. Amma duk wanda ya zauna da masu dawaki ya san ran ɗan doki yana cikin dakashin nan. Wanda bai sha shi a yinin farko ba, ko ya miƙe, ko ya yi tsalle, da wuya ya ga sabon wata.

"Ba ki ce komai ba?" na tambayi Mairo.

"Na ce ai 'ya'yan jakuna da kansu suke sha. Ta ce wannan jaki ne da za a bar shi ya sha abin da ya ga dama? Ta ce wannan shi ne fansar wuyan Isufu, yadda ake yi wa ɗan mutum haka za a yi masa. Wani abu ne, Malam?"

Na ce ba komai. Inna ta shigo da kunu tana ɗingishi saboda harbin, ta ajiye, ta dubi taga.

"Ka ga ɗanka? Na karɓi 'ya'ya da yawa, ban taɓa karɓar mai kyansa ba."

Na ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka." Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Na ɗauki kunun na sha.

Na yi ta addu'a Allah ya ƙaryata ni. Kwanaki kaɗan ɗan yana tsalle yana zagaya uwarsa, har na fara cewa wataƙila zancen masu dawaki ne kawai. Sai wata safiya na ga ya makara a kwance. Cibiyarsa ta kumbura tana tsatsar ruwa. Zawo ya biyo. Makon da ya zagayo gwiwarsa ta gaba ta cika ta yi zafi, sannan ta baya. Yakan tashi da ƙyar ya je ga nono, ya sa baki, ya saki, nonon na zuba masa a fuska. Kunnuwansa suka langaɓe.

Inna ta dawo da shi rumfar ƙofar ɗakina saboda ruwa. Mu biyu muna kwance, kowa da kumburarriyar ƙafa, tana bin mu da ƙwarya ɗaya ta ruwan ɗumi. Ta gasa masa cibiya, ta shafa man shanu, ta karɓo rubutu ta ɗura masa. Ta sayar da zanenta na fita ta sayo zuma. Tanko ya yi masa tsaga a gwiwa, ruwa rawaya ya fito, washegari ya sake cika. Masu shawara suka ce baki ne, suka ce maita ce, kawu ya ce tun farko da an bi tasa. Ni da na san dalili ina kwance na kama bakina. Ƙafata tana saɓewa, tasa tana ƙaruwa.

Ya mutu lokacin da gero ya fara fitar da kai, da hantsi, kansa a cinyar Inna. Gunya ta yi ta haniniya tana fizgar turke har igiya ta yanke mata wuya. A garinmu mushen dabba bayan gari ake ja wa ungulu. Inna ta ce ba a isa ba, ta sa aka haƙa rami a bayan ɗakinta. 

Da aka yi girbi na fara takawa da sanda, ƙafar ta warke a karkace, haka take har yau. Abin da gonar ta bayar ko mu bai ishe mu ba, don ba ta samu maimai ba, wato noma na biyu. Labari ya zo ayari na ɗaure kaya. Na ce zan je birni in roƙa. Inna ta ce da ita. Na hau jaki, ita ta ƙi hawa, tana biye da ƙwaryar gumba a ƙulle a ka.

Alhaji Kyari ya saurare ni, bai yi faɗa ba. Na roƙi ya jira wata shekara. Ya ce ciki na gaba ai na Malam Ari ne, kuma ingarman ya mutu, shi kuwa ya riga ya yi magana da madugu. Na ce to a ɗauke ni a bar ƙanena. Ya dubi ƙafata, ya kau da kai. Abin da ya yi mana shi ne ya sa aka fito da Isufu bayan gida, aka bar mu da shi har la'asar. Ko wannan ina gode masa, ko da yake ban yafe ba.

Isufu ya fito da mari a ƙafa, ya yi duhu, an aske masa kai. Yana ganinmu fuskarsa ta washe. Ya duba bayanmu yana neman doki.

"Yaya, Gunya ta haihu?"

"Ta haihu."

"Ina ɗan?"

Na girgiza kai. Ya dube ni, ya dubi sandata, ya zauna a ƙasa a hankali. Can ya ce, "Kai ma ashe ka sha jiki. Sannu, Yaya." Inna ta zauna kusa da shi ta kwance gumba tana gutsura tana ba shi a baki kamar yaro, yana karɓa. Tana gaya masa yadda ɗan yake, baƙi, da fari a goshi, da irin kulawar da ya samu, don kada ya ɗauka sakaci aka yi da shi. Ya ce ya sani. Ya ce a ba Mairo fartanyarsa, ta fi tata sauƙi. Da aka zo mayar da shi bai waiwayo ba.

Muna fita muka ci karo da Baba Modu a ƙofar barga. Ya yi mana ta'aziyyar duƙushin kamar na mutum. Ya tambayi yadda ciwon ya fara, na ce cibiya, sai zawo, sai gwiwa. Sai ya sake tambaya.

"Ya sha dakashi kuwa?"

Kafin in buɗe baki Inna ta amsa.

"Allah ya kiyaye. Ko ɗigo bai shiga bakinsa ba. Da hannuna na tatse na zubar."

Baba Modu ya dube ta, ya dube ni. Na girgiza masa kai kaɗan. Ya sunkuya ya tsinci wata igiya da ba ta bukatar tsinta, ya daɗe yana naɗewa.

"Kin yi ƙoƙari, Iya," in ji shi. "Allah ya ba da haƙuri."

Muka fita ƙofar birni muka kama hanya. Muka yi nisa, ganuwa ta ɓace. Wajen wata rijiya na tsaya in shayar da jaki. Inna ta zauna a kan kututture tana kallon hannayenta.

"Tsohon nan ya yi shiru," ta ce. "Na san irin shirun. Ni ma ina yin sa a ɗakin haihuwa, in na ga abin da ba zan iya gaya wa uwa ba."

Na ci gaba da jan guga.

"Kai nake tambaya. Nonon ne?"

Na so in ce kwanansa ne ya ƙare, kuma da ba ƙarya na yi ba. Amma ta ɗago tana kallona ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Nonon ne, Inna."

"Da na bar shi kamar ɗan jaki, da ya rayu?"

"Allah ne masani. Amma da ya fi."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ɗauki ƙwaryar da ta zo da gumba, ta yi gaba. Na bi ta a kan jaki. Mun kusa shiga gonakin garinmu sannan ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ina da rai kada ka faɗa wa kowa, ba zan iya haɗa ido da mutane ba. Ran da aka rufe ni, ka faɗa wa duk mai goɗiya. Kuma ka faɗi sunana, kada a ɗora wa matarka."

Ayarin ya tashi bayan mun dawo da 'yan kwanaki. Na tambayi fatake da mahajjata da duk wanda ya fito arewa, har yau ban samu wanda ya ce ya ga Isufu ba. Malam Ari ya dawo, ya bar mini Gunya, na gode masa, amma na mayar masa da ita don Inna ba ta iya wucewa ta wajen turke.

To, ga abin da aka ce in faɗa. In goɗiyarku ta haihu, ku janye hannu, ku bar ɗan ya sha nonon farko, komai kaurinsa, komai launinsa. Wadda ta aiko ni da wannan an rufe ta watan jiya. Sunanta Hajara.